Zama na Uku

Sai da na shekara biyu a Doha kafin na gane cewa kalma ɗaya a jikin katin izinin zamana ce ta raba ni da iyalina. A gurbin sana'a an rubuta teknishan. Mai wannan kalma, da irin albashin da ke tafiya da ita, ba a ba shi izinin kawo mata da 'ya'ya. Wanda aka rubuta wa injiniya ana ba shi. Ni kuwa babbar difloma ce a hannuna, kuma aikina kula da manyan injinan sanyaya gini a wani kamfani mai kwangilar dogayen benaye. Ina kwana a unguwar Najma, mu shida a ɗaki, gado bisa gado. Matata Rabi tana Funtuwa da 'yarmu Ummi, wadda na baro tana rarrafe.

Manajanmu, wanda kowa ke kira Abu Rami, ya ce mini in na kawo digiri zai sa a sauya kalmar. Da wannan maganar na shiga nema, har na samu wata jami'a a Jamus da ke koyar da injiniyanci daga nesa, da Turanci. Suka karɓi wasu darussan diflomata, suka ce in ƙarasa sauran. Ranar da takardar ɗauka ta zo na saya wa 'yan ɗakinmu shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, na kira Rabi na ce ta fara shirin fasfo.

Abin da ya fara ruɗa ni a karatun shi ne shirun. A gida na saba da kiran suna, da gwajin tsakiyar zango, da aikin gida, da malamin da zai tare ka a hanya ya ce bai gan ka a aji ba. A nan babu ko ɗaya. Za a zuba maka littattafai da bidiyon lacca a shafin makaranta, a yi wata biyar babu wanda ya tambaye ka ko kana raye. Daga nan sai makonni uku na jarrabawa su zo a jere, kuma makin darasi gaba ɗaya yana kan wannan zama ɗaya na awa biyu. Makin ma a juye yake: ɗaya ita ce mafi kyau, huɗu ka sha da ƙyar, biyar ka faɗi. Kuma shiga darasi ba ya nufin za ka rubuta jarrabawarsa. Kai za ka je ka yi wa jarrabawar rajista da hannunka, a cikin 'yan kwanakin da aka buɗe.

Akwai kundin dokokin jarrabawa da suka turo. Na Jamusanci yana da kauri, na Turanci kuwa taƙaitawa ce ta 'yan shafuka, an rubuta a samansa cewa na Jamusancin ne doka. Na yi masa irin karatun da ake yi wa takardar cikin kwalin magani, na ajiye.

Ina karatu a motar kamfani da safe, wata ɗaya da rabi kafin jarrabawa kuma nakan daina zuwa ko'ina. In an tashi aiki sai in zauna a masallacin layinmu tsakanin la'asar da magariba, domin ɗakinmu ba ya rabuwa da waya da dariya da ƙamshin girki. Jami'ar ta amince ɗalibanta na nan su rubuta a wani ɗaki a Doha, ƙarƙashin idon wani dattijon Bajamushe da ba ya amsa gaisuwa sai da kai. A wannan ɗakin na ci darussa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura kaɗan.

Darasin da ya tsaya mini shi ne Tamodainamik, ilimin yadda zafi ke tafiya daga wuri zuwa wuri. Abin haushi, aikin da nake yi da hannuna kullum ke nan. Zama na farko ya faɗo a tsananin zafi, lokacin da injinanmu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, muna aiki awa goma sha biyu. Na shiga da gajiya, na fito da biyar. Wannan faɗuwar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Zama na biyu na yi rajista a kan lokaci, sai aka tura ni wani sansanin aiki a arewacin ƙasar na mako uku. Na ce a raina ba komai, a gida in ba ka je ba ai sai a rubuta ba ka zo ba, ka sake wani zangon. Da na dawo na buɗe shafin sakamako na ga biyar a gaban jarrabawar da ban ko ga takardarta ba. Bayan kwana huɗu wasiƙa ta biyo. Ta ce wanda ya yi rajista yana da damar janye sunansa har zuwa kwana bakwai kafin ranar, bayan nan rashin zuwa faɗuwa ne. Ta ce saura mini zama ɗaya. Ta ce zama na uku ba a yin sa a waje, dole in zo harabar jami'ar da kaina. In na faɗi, za a cire ni daga karatun, kuma babu wata jami'a a ƙasar da za ta sake ɗauka ta a wannan fanni.

Ban faɗa wa Rabi wannan ba. Na ce mata dai akwai wata jarrabawa da sai na je can.

Wata shida na yi ina shirin wannan zama. Na warware tsofaffin tambayoyi har na haddace inda malamin ke ɓoye tarkonsa. Na sa hutuna na shekara ya dace da ranar, na samu biza bayan zirga-zirga, na yanki tikitin safiyar Litinin, jarrabawa kuma Laraba. Abu ɗaya ya rage. A shekarun nan ma'aikaci ba ya fita ƙasar sai kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa, ya ba da izinin fita, wanda muke ce wa huruj. Ba takarda ce da za ka riƙe ba, abu ne da ake shigarwa a kwamfuta. Mai shigarwa a kamfaninmu shi ne Usman, wakilinmu a ofisoshin gwamnati, wani Basudane da kakanninsa suka bar Kano da ƙafa za su hajji suka tsaya a hanya. Hausarsa tsohuwa ce, kuma ba ya kira na sai ɗan'uwa. Amma Usman ba ya taɓa kwamfutar sai Abu Rami ya ce masa taɓa.

Ranar da ta rage kwana bakwai cif, na je ofishin Abu Rami a unguwar Al-Sadd. Na yi masa bayani dalla-dalla: yau ce rana ta ƙarshe da zan iya cire sunana ba tare da an ƙirga mini ba, in akwai wata matsala ya faɗa mini yanzu in ɗaga zuwa wani zangon. Yana ta latsa waya ina magana. Da na gama ya ɗago ya yi murmushi.

"Sagir, yaushe na taɓa saɓa maka? Khalas, an gama, ka ɗauka ka riga ka fita. Yalla, je ka yi karatu."

Na fito na zauna a matattakalar ginin da wayata a hannu, shafin janyewa a buɗe. Na daɗe ina kallonsa. Na tuna Ummi ta kusa shekara shida, wani zangon kuma wata shida ne. Na rufe shafin.

Kullum a makon nan ina tambayar Usman, yana cewa gobe in sha Allah, yana kau da ido. Ranar Lahadi Abu Rami ya turo saƙo cewa an gama. Safiyar Litinin na je filin jirgi, aka karɓi jakata, aka ba ni takardar shiga jirgi. Na isa gaban jami'in shige da fice, ya sa fasfona a na'ura, ya dubi allo, ya sake sawa. Ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi ya ce babu huruj. Na ce ya sake dubawa. Ya ɗaga hannu ya kira na bayana.

Na kira Abu Rami sau tara, wayarsa a kashe. Na zauna a benci ina jiran a fito da jakata, ina kallon allo har sunan jirgin ya ɓace. Sai bayan azahar ya kira. Ya ce kafil ya yi tafiya ba zato, kuma sai da sa hannunsa, abin ba a hannun kowa yake ba. Kafin in yi magana ya ƙara da cewa tunda ina nan, injina biyu sun tsaya a benen da za mu miƙa wa masu shi ƙarshen wata, in leƙa gobe. Washegari na tare Usman a wurin ajiye motoci. Ya dubi hagu da dama kafin ya ce kafil yana gari, bai je ko'ina ba. An ce masa ne ya riƙe nawa sai an miƙa benen.

Abin da na sani daga taƙaitawar Turancin nan shi ne, wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa zai iya turo takardar likita cikin kwana uku na aiki, a soke masa zaman. 'Yan ɗakinmu duk bakinsu ɗaya: a nemo takardar likita, ai ba sabon abu ba ne. Muna da likita kuwa. Dakta Lawal, mutumin Katsina, yana aiki a wani asibiti a Al-Sadd, gidansa a unguwar Bin Mahmud. Duk Juma'a bayan masallaci muna taruwa a falonsa, matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, a ci a yi hirar gida. Na ci tuwon gidan nan ya fi sau hamsin.

Na same shi a ofis da yammacin Talata. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, ya ce abin da aka yi mini zalunci ne. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Malam Sagir, ba zan sa hannu a kan ciwon da ban gani ba. Ka zauna nan ka rubuta musu abin da ya faru, yau ɗin nan. Ga kwamfuta."

Na ce masa mutanen jami'ar nan ba su san wani abu wai shi huruj ba, takarda suka sani. Ya ce duk da haka in rubuta. Na tashi tsaye na ce, "Likita, kai naka iyalin suna nan kusa da kai, shi ya sa." Ban jira amsa ba na fita.

Laraba da ƙarfe goma na safe agogon Doha, lokacin da ake raba takardu a can, ina saman bene hawa na talatin da wani abu, kaina a cikin inji, gumi yana shiga mini ido. Na duba agogo sau ɗaya. Injin ya tashi kafin sha biyu.

Kwanakin da suka biyo na ɓatar da su a yawon asibitoci. A ɗaya aka auna jinina aka ce lafiyata ƙalau. A wani, wani mutum a bakin ƙofa ya ce zai samo mini takarda mai hatimi, ya karɓi kwafin katina, ya daina ɗaukar waya. Da na gaji na koma kamfani ina roƙon su rubuta cewa su suka hana ni fita. Mai kula da ma'aikata ta ce kamfani bai hana kowa fita ba, jinkiri ne aka samu, kuma ba a ba da wasiƙa a kan jinkiri. Ban rubuta wa jami'ar komai ba, domin ina jira in samu abin da zan liƙa a jikin wasiƙar. Kwana ukun suka wuce.

Kwana goma bayan jarrabawar aka miƙa benen. A ranar Abu Rami ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce huruj ya fito, in je in huta, na yi ƙoƙari. Da zan fita Usman ya biyo ni har bakin titi ya cusa mini takarda a aljihu. Shafi ne da ya buga daga kwamfuta, yana nuna ranar da aka shigar da neman izinina: ranar nan ce da safe. Ya ce, "Ɗan'uwa, ban ba ka komai ba," ya juya.

Bizata ba ta ƙare ba, sai na ce bari in je jami'ar su ga idona. Na sauya tikitin na tafi. Daga filin jirgi na hau jirgin ƙasa na awa uku zuwa wani ƙaramin gari mai tsabta, ana yayyafi, ni kuma rigar sanyina ta Doha ba ta tare komai. Na isa ofishin jarrabawa ranar Litinin na tarar da shi a rufe. A jikin ƙofa an rubuta suna ganin ɗalibai Talata da Alhamis, daga goma zuwa sha biyu. Na kwana a wani masauki na ɗalibai, na ci burodi da ayaba domin ban san me ke cikin sauran abincin ba.

Talata na ja lamba na zauna a layi. Ɗalibai ne cike da barandar, kowa da fayil, babu mai magana da wani. Matar da ta kira lambata ta manyanta, gashinta ya yi fari, tabaraunta na rataye a wuya da igiya. Turancinta a hankali yake fita. Na ba ta labari tun daga alƙawarin Abu Rami har zuwa gaban jami'in filin jirgi, na miƙa mata takardar Usman da takardar shiga jirgin da ban shiga ba. Sai da na yi mata bayanin huruj sau biyu. Ta tambaya, wato babban mutum ba ya iya barin ƙasa sai mai gidan aikinsa ya yarda? Na ce haka ne. Ta duba takardun, sannan ta jawo kalanda ta sa yatsa a ranar jarrabawa ta ƙirga zuwa ranar da muke.

"Me ya sa ba ka rubuto mana a ranar ba?"

Na ce ba ni da takardar likita. Ta buɗe kundin Jamusancin, ta juyo mini shi, ta sa biro ƙarƙashin wani layi tana fassarawa. Rashin lafiya misali ɗaya ne kawai. Duk wani dalili da ya fi ƙarfin ɗalibi kwamiti yana duba shi, sharaɗin dai a sanar nan take, hujja kuma tana iya biyowa daga baya. Ta ce layi biyu a imel sun isa. Ta ce ba za ta iya faɗin abin da kwamiti zai yanke ba, amma da saƙona ya iso a makon nan, ita kanta da ta sa ran za a soke zaman.

Na tuna ofishin likita. Dakta Lawal ya nuna mini kwamfuta da hannunsa tun ana gobe jarrabawa.

Sha biyu ta yi, ta rufe tagar ofis, amma ba ta sallame ni ba. Ta ce akwai damar ɗaukaka ƙorafi, kuma dole da Jamusanci. Ina faɗa tana bugawa, tana tsayar da ni in na fara zagin Abu Rami, tana cewa ranaku kawai da abin da ya faru. Ta fito da abincin ranarta, ta yanka tuffa biyu ta tura mini rabi ba tare da ta ɗago ba. Da muka gama ta buga hatimin ranar karɓa, ta ba ni kwafi, ta ce kada in sa rai da yawa. Ko sunanta ban riƙe ba.

Na koma Doha hutuna bai ƙare ba, domin ba ni da fuskar da zan kai Funtuwa. Abu Rami ya tambaye ni yaya Jamus, ya ce ko cakulan ban kawo musu ba. Na ce na manta.

Amsar ta zo bayan mako bakwai, shafi biyu, na fassara ta da waya ina zaune a motar kamfani. Kwamiti ya yarda cewa abin da ya hana ni zuwa ya fi ƙarfina. Amma sanarwa ta zo a makare ba tare da dalilin makarar ba, don haka zama na uku ya tabbata biyar. An cire sunana daga ƙarshen zangon. A baya suka liƙa jerin darussan da na ci, kowanne da makinsa, har da guda biyu da na samu ɗaya da ɗigo.

Har yau in na zauna rabon laifin ba ya fita mini daidai. Abu Rami ya yi mini ƙarya ido cikin ido saboda injina biyu, kuma bai rasa komai ba. Jami'ar ta ɓoye layin da zai cece ni a harshen da ba ta koyar da ni da shi ba, sannan ta yarda an zalunce ni ta kore ni a wasiƙa ɗaya. Ni kuma na yi kwana biyar ina neman ƙarya, gaskiyar tana aljihuna. Na daina zuwa Bin Mahmud wata huɗu. Ranar da na koma, Dakta Lawal ya matsa ya ba ni wuri a tabarma, na fara ba shi haƙuri ya ce in wanke hannu tuwo zai huce. Bai taɓa tambayata yadda aka ƙare ba, ina jin ya gani a fuskata.

Rabi ce ta ƙarshen sani. Duk lokacin nan ina ce mata sakamako bai fito ba. Wata Asabar da hantsi, ina hutun rabin awa a gindin wani bene, na kira ta na faɗa mata komai, tun daga biyar ta farko. Ban rage ko ɗaya ba, har maganar da na faɗa wa likita. Da na gama na cire wayar daga kunne na duba ko ta yanke. Ina jin kukan awaki a bayanta, da muryar mai tallan manja.

Ta tambaya ko akwai wata hanya. Na ce a wannan fannin, a can, babu. Ta tambaya ko na ci abinci. Na ce na ci.

"To, Baban Ummi, jibi zan kai ta makarantar nan ta bayan gidanmu. Tun bara ya kamata ta shiga. Ni ce nake ta jan ƙafa, don kada ta saba da ƙawaye a zo a cire ta."

Na ce ta kai ta. Ta ce za a buƙaci hotonta guda biyu da sa hannun uba, amma wana, Yaya Sani, zai sa a madadina. Na ce to. Aka kira ni a rediyon aiki cewa hawa na sha takwas babu sanyi, na yi mata sallama na ɗauki jakar kayan aikina.